Ranar da Irulandi Ya Ƙetare Tafki

Irulandi wanzami ya rasu a watan Maris na 2021, yana da shekara saba'in da bakwai. Ban ga an rubuta komai a kansa ba, ban kuma yi tsammanin za a rubuta ba. Ni ba marubuci ba ne. Sunana Kadiresan, kuma shekara talatin da uku na yi ina auna filaye a ma'aikatar ƙasa ta jiharmu, Tamil Nadu, a kudancin Indiya. Amma akwai abin da mutumin nan ya yi mini, ina so ya zauna a rubuce yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Daga gindin tsamiyar da yake aski a garinmu Kodikulam zuwa ƙofar gidan mahaifina mita ɗari shida da arba'in ne. Da kaina na auna, wata ranar hutu, da sarƙar awo ta wurin aiki. Tafki ne a tsakani. A wannan gefen akwai ɗakin bauta, da layin masu gonaki, da shagon shayi. A wancan gefen kuwa mu ne. Yau a takardun gwamnati Dalit ake ce mana, wato zuriyar da aka daɗe ana ƙyamar taɓawa. Lokacin da nake yaro wani suna ne dabam, ba zan rubuta shi a nan ba.

Irulandi ba ya cikin masu gonaki, ba ya kuma cikinmu. Gidan wanzamai aka haife shi, ya gaji hidimar gida arba'in da ɗaya na masu gonaki daga mahaifinsa kamar yadda wani ke gadon gona. Shi ke yi wa 'ya'yansu askin farko, shi ke gyara fuskar angonsu. Idan an yi musu rasuwa shi ke aske mamacin, ya gaya wa ɗansa inda zai tsaya da yadda zai zagaya da tulun ruwa, daga ƙarshe ya aske masa kai. Matarsa Pechi ita ce ungozomarsu. Ladansa shinkafa ce ranar girbi, da sabon zane a bikin girbi na Pongal. Ba ya shiga gidajen ta ƙofar gaba, kuma idan ya hango babba daga cikinsu yakan sauke tawul ɗinsa daga kafaɗa ya ɗaura a ƙugu. Duk da haka shi kaɗai ne a garin yake ɗora musu aska a maƙogwaro, su kuma su lumshe ido. Sharaɗin ɗaya ne, kowa ya san shi ko da ba a taɓa faɗa ba: hannun da ke taɓa su kada ya taɓa mu.

Don haka a unguwarmu mahaifina, Sudalai, shi ne mai askin dole. Ɗan ƙodago ne a gonakin mutane, ba wanda ya koya masa, amma shi ke da almakashi ɗaya tilo na unguwar. Ranar Lahadi mukan jeru a ƙasa a ƙofar gidanmu, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tashi da kai hawa-hawa. A makaranta "matakala" ake kiranmu, daga nesa ma an san ɗan bayan tafki da ƙeyarsa.

Idan almakashin ya dakushe, mahaifina yakan kai shi bayan tsamiya, ya ajiye a kan wani faffaɗan dutse, ya ja baya taku biyar, ya yi tari. Irulandi ba zai waiwayo ba. Sai ya ɗaga murya kamar da bishiyar yake:

"Wai wane ne yake zubar mini da ruɓaɓɓen ƙarfe a nan?"

"Na akuya ne," in ji mahaifina, shi ma yana kallon tafki. "Gemu muke rage mata."

"To lallai akuyar nan tana shan wahala. Na ga 'ya'yanta suna tafiya makaranta."

Idan wanda yake yi wa aski ya tashi, sai ya zuba wa almakashin ruwa, ya wasa shi sosai a kan dutsensa, ya mayar inda ya ɗauka. Wani lokaci kuma, idan ya san mahaifina na nan tsaye, sai ya kama yi wa mai zaune a kujera bayani da ƙarfi, bayanin da ba wanda ya tambaye shi: cewa mai hankali daga ƙeya yake farawa, ya ɗaga gashi da mataji, ba ya damƙa da hannu kamar mai yankan ciyawa ba. Mahaifina yana ji. Bai taɓa koyo ba, amma yana ji. Haka suka yi shekara da shekaru, ba su taɓa miƙa wa juna abu hannu da hannu ba.

A 1982 na gama jami'a a Madurai na dawo gida. Shekara huɗu ana yi mini aski a birni, ba wanzamin da ya taɓa tambayata ɗan wane ne ni. Wata safiya na sa wando da takalmi, na bi ta gaɓar tafki, na tarar ba kowa a gindin tsamiya sai Irulandi, na hau kujerarsa na zauna. Kujerar katako ce mai hannu biyu, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya.

Ya duba dama, ya duba hagu.

"Ɗan Sudalai, ka dawo?"

"Na dawo. Aski nake so."

"Almakashin ya dakushe."

"Yanzun nan na ga kana wasa shi."

"Ai shi ya sa na san ya dakushe."

Na ce masa doka ta hana wannan tun kafin a haife ni. Har lambar sashen na faɗa masa. Shekarata ashirin da uku a lokacin.

"Dokar tana da gashi?" ya ce. "In tana da shi ta zo in aske mata." Sai ya rage murya. "Gida arba'in da ɗaya ne ke ci da ni, ɗana. Don girman mahaifinka ka sauka, kafin Sangili ya fito."

Sangili shi ne mai gonaki mafi yawa a garin, maganarsa ita ce ta sauran. Na sauka. Irulandi bai wanke kujerar a gabana ba, ya jira har na kai gaɓar tafki. Amma na waiwaya, na gani. Shekara bakwai ban gaishe shi ba.

Ɗana Mugilan ne ya sa na koma gaishe shi, tun yana goye. An haife shi a 1988. Da ya cika shekara, mahaifina ya ce sai a gida za a yi masa askin farko, a gaban gunkin gidanmu na bayan tafki. Ni da matata Sornam muka ɗauko wanzami daga gari mai nisan kilomita ashirin. Bai san inda za mu kai shi ba sai da motar ta tsaya. Ya yi aikin a gaggauce kamar ana korarsa, ya yanki yaron a saman kunnen hagu. Irulandi yana tsaye can kan gaɓa, wai ya zo wanke tawul. Washegari mahaifina ya je bayan tsamiya, ya tarar da ɗan ƙullin magani a kan dutsen, muryar kuma tana tambayar bishiya: "Wane mahauci suka kawo jiya?"

A Madurai Mugilan ya tashi, amma duk hutun makaranta yana Kodikulam wajen kakansa. Yaro ne mai son kallon aikin hannu. Yakan je ya tsaya daidai inda inuwar tsamiya ta ƙare, ya yi ta kallon Irulandi. Kuma tun ranar farko "Kaka" ya kira shi. Mutanen gari ba su ji daɗin wannan ba, namu ma ba su ji ba, don ba a ƙulla zumunta ta kan tafki ko da a baki. Ba wanda ya iya hana shi. Gashinsa a wuri biyu yake murɗewa a tsakiyar kai, kuma Irulandi ya hango hakan daga nesa.

"Mai murɗi biyu," yakan ce masa, "masu irin kanka ba sa jin magana. Tafi gida."

"Kaka, yaushe za ka yi mini aski?"

"Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce."

"To ka ga ban canza magana ba."

Yana ɗan shekara tara ya matsa masa har tsohon ya gaji, ya ce, "To, ranar aurenka. Ni zan gyara ka."

"Ka rantse."

"Na rantse da askar ubana. Yanzu tafi, kana tsare mini haske."

Daga nan ta zama gaisuwarsu. Kowane hutu, da ya sauka daga mota, kafin ma ya kai jakarsa gida: "Kaka, askar tana nan?" "Tana nan. Matar ce babu. Wa zai ba ka 'yarsa da wannan kan?"

A 2009 Mugilan yana karatun lauya. Shi da samarin unguwarmu suka rubuta ƙara a kan abu uku: kofunan da ake ware mana a shagon shayi, da hanyar maƙabarta da aka toshe mana, da aski. Wani jami'i ya zo da 'yan sanda biyu. Suka tarar da Irulandi zaune da hannu a ɗaure cikin tsumma, wai ya gurɗe, ba ya iya riƙe aska. Mako goma sha ɗaya kujerar tana kife. Da sassafe yake bin gidajen nan arba'in da ɗaya ta baya yana aikinsa. Ina tsaye ranar da Mugilan ya tare shi a hanya.

"Kaka, jiya hannun dama ne a ɗaure."

Irulandi ya dubi hannunsa na hagu. "Ciwon yawo yake yi."

Mugilan ya yi dariya ba da son ransa ba, sannan ya ɗaure fuska. "Ka san abin nan ba daidai ba ne."

"Na sani tun ubanka yana yawo ba wando. Kai in aka kore ka, Madurai za ka koma, ga fanka ga famfo. Ni ina zan koma? Ka je ka gyara Sangili tukuna, ka dawo ka same ni."

Muka shiga mota muka kama hanyar birni ni da Mugilan. Can ya ce, "Baba, mun kai ƙarar wanda ya fi kowa jin tsoro a garin." Ni kuwa na ce masa ya bar maganar baki ɗaya, ya kama karatunsa. Bai bari ba. Maganar kofuna sun yi nasara a shekarar, ta hanyar maƙabarta sai bayan shekara biyu. Ta aski ya ajiye ta gefe, ya ce akwai ranar da aka yi masa alkawari.

Mugilan ya rasu ranar sha huɗu ga Agusta, 2012, bayan zazzaɓi na kwana shida. Shekararsa ashirin da huɗu. Ba zan ce komai a kan kwanakin nan shida ba.

Muka kawo shi Kodikulam da safe. A wurinmu saurayin da ya rasu bai yi aure ba, ba a fita da shi haka nan. Ana yi masa shigar ango: sabon farin zane mai bakin zinariya, da sarƙar furanni, da kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi a goshi, a gyara masa fuska. An shimfiɗa shi a kan benci a ƙofar gida, masu ganga suna kaɗawa. Gemu ya fito masa a asibiti. Sornam ta yi ta shafa haɓarsa tana maimaita magana ɗaya: "Ba ya son gemu. Ku cire masa, ba ya so." Mahaifina yana da shekara saba'in da tara a lokacin, idonsa ya yi rauni. Ya shiga ɗaki ya fito da almakashinsa da sabuwar reza. Ya yi ta fama, ya kasa ɓare takardar rezar.

Abin da ya faru a wancan gefen, mai shayi ne ya ba ni labari daga baya, kuma mutum biyu sun tabbatar mini. Wajen ƙarfe goma Irulandi ya kife kujerarsa, ya sa akwatin kayan aikinsa a hammata, ya nufi gaɓar tafki. Hanyar ta gaban shagon shayi take bi, Sangili kuma yana zaune da mutanensa.

"Kai wanzam, ina zuwa?"

Irulandi ya tsaya, ya ajiye akwatin, ya sauke tawul ya ɗaura a ƙugu kamar kullum.

"Aiki, ranka ya daɗe."

"A can? Tsufa ya fara taɓa maka kai ne?"

"Alkawari na yi wa yaron, ranka ya daɗe. Na rantse."

"Yaron ya mutu. Wa zai tambaye ka?"

Irulandi ya dubi akwatinsa.

"To ka ji da kyau," in ji Sangili. "In ƙafarka ta taka can, kada ta sake taka ƙofar kowa a nan."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya rusuna, ya ɗauki akwatinsa, ya wuce.

Mu abin da muka sani shi ne ganguna sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai na gan shi a bakin layinmu, yana tsaye kamar baƙon da ya sauka a tashar da ba tasa ba. Shekara sittin da takwas yana garin, ƙafarsa ba ta taɓa zuwa nan ba. Mutane suka dare. Mahaifina ya ƙanƙance ido.

"Irulandi? Hanya ka ɓata?"

"Matsa, Sudalai. Shekara hamsin kana lalata kawunan mutane. Wannan kam ba za ka taɓa shi ba."

Ya zauna a bakin bencin, ya ɗaga kan Mugilan ya ɗora a cinyarsa. Ya ce a kawo ruwa. Aka kawo, ya tsoma yatsa, ya mayar.

"Mai ɗumi. Ba na gyara ango da ruwan sanyi."

Ya buɗe akwatin ya fiddo tsohuwar aska mai ƙotar ƙaho, ba wadda yake aiki da ita kullum ba. Ya goga ta a fata. Ya kaɗa sabulu har ya yi kumfa, ya shafa a hankali. Ya ja fatar kumatu da babban yatsa kamar yadda yake yi wa masu rai. Da ya zo kunnen hagu ya tsaya a kan ɗan tabon, ya ce, ba da kowa ba, "Ga aikin mahaucin nan." Daga nan ya ɗauki almakashi da mataji ya rage gashin, daga ƙeya ya fara. Na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Tsaya mana, mai murɗi biyu. Saura kaɗan." Na duba agogo, ban san dalili ba. Minti ashirin da biyu ya yi.

Da ya gama, hannunsa ya tafi cikin akwati ya ɗauko madubi, yadda ya saba. Ya ɗaga shi rabin hanya, ya tsaya. Sannan ya mayar ya rufe akwatin.

Bai tafi ba. Ya bi mu maƙabarta ta hanyar da Mugilan ya yi shekara biyu yana nema mana. Shi ya ɗora mini tulun ruwa a kafaɗa, shi ya gaya mini inda zan tsaya, da sau nawa zan zagaya, da cewa kada in waiwaya idan tulun ya fashe. Bayan an rufe, ya zaunar da ni a bakin tafki, a gefenmu, ya aske mini kai. Shekara talatin ke nan daga ranar da na sauka daga kujerarsa. Hannunsa ƙarami ne, ba kamar yadda na zata ba, yana ƙamshin sabulu.

Da muka koma gida Sornam ta miƙa masa shayi a kofi, hannu da hannu. Ya karɓa. Ya riƙe shi har ya huce, sannan ya ajiye a hankali a gefen benci. Bai sha ba. Kowa ya gani. Ni ban riƙe shi da wannan ba. A rana ɗaya ya yi iyakar tafiyar da ƙafarsa za ta iya.

Kwana uku bayan haka masu gonaki suka taru a filin ɗakin bauta. Ba a daɗe ba. Gida arba'in da ɗaya suka janye gaba ɗaya. Aka samo wani matashi daga gari mai injin aski, yana zuwa a babur sau uku a mako. Aka daina kiran Pechi ko da wankan jego. Danginsa wanzamai na garuruwan kusa suka yi biki ba su aiko masa ba. Wata safiya aka ga ƙafafun kujerarsa sun leƙo daga cikin tafki.

Samarinmu ne suka shiga suka fito da ita. Irulandi ya shanya ta kwana biyu, ya sake ɗaure ƙafar da sabuwar waya, ya ɗauke ta a ka zuwa bakin babban titi, inda motoci ke tsayawa, bayan iyakar gari. Babu tsamiya a can, sai wata rumfar kwano. Direbobi suka fara zama, da fasinjojin da mota ta bari. Namu ba su zo nan da nan ba. Tsofaffinmu da suka zo, wasu suka ƙi hawa kujerar, suka tsuguna a ƙasa, sai da ya yi musu tsawa. Mahaifina sau ɗaya ya je, wata uku kafin shi ma ya rasu. Ya hau, ya kama hannuwan kujerar da ƙarfi kamar za ta gudu da shi.

"Ashe haka ake ji," ya ce.

"Yi shiru, kada in yanke ka. Wa yake maka aski duk shekarun nan?"

"Ni da kaina."

"Ai na gani."

Ni kuwa kowane wata, Asabar ta farko, nakan hau mota daga Madurai in je ya yi mini aski. Awa biyu da kwata ce tafiyar. Na so in taimaka masa fiye da haka, ya ƙi, ya ce shi wanzami ne. Ya rame a shekarun nan. Shinkafar da a da ake kawo masa a buhu, yanzu a shago yake saye da awo. Sornam takan ba ni shayi a gora in kai masa. Yakan ce in ajiye, zai sha anjima. Sai a shekara ta biyu, wata rana ina kan kujera, na ga ya buɗe ya kurɓa a gabana, ya yamutsa fuska. "Ka gaya wa 'yata sukarinta ya yi yawa."

Sau ɗaya na tambaye shi ko ya yi nadama.

"Duk lokacin girbi," ya ce, bai ko tsaya tunani ba. Ya ci gaba da aski. Can ya ƙara da cewa, "Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. Shekara goma sha biyar yaron nan yana tsaye a bakin inuwata. Da na yi masa lokacin da zai iya kallon madubi."

A cikin shekara tara, gida uku daga arba'in da ɗayan nan suka dawo, a ɓoye, da sassafe, kowa yana cewa injin yaron nan yana sa masa ƙuraje. Sangili bai dawo ba. Ya rasu a 2017. Matashin mai babur bai san komai na jana'iza ba, ya ɗora wa ɗan mamacin tulu a kafaɗar da ba ita ba. Irulandi yana tsaye daga nesa a kan gaɓa, da akwatinsa a hammata, ko za a kira shi. Ba a kira shi ba. Da na zo a Asabar ta gaba bai yi mini wasa ko ɗaya ba. Ya ce, "Shekara arba'in da huɗu ina aske fuskar nan. Akwai ƙari a ƙarƙashin haɓarsa, sai an bi a hankali. Yaron bai sani ba." Na lura wannan ya fi ciwon shinkafa yi masa zafi, kuma ban yi ƙoƙarin fahimtar dalili ba.

Ranar da aka binne Irulandi na ƙirga, don ƙirga ɗabi'ata ce. Ɗansa ya zo daga Tiruppur inda yake aikin ɗinki. Daga danginsa mutum shida. Daga gidajen da ya yi wa hidima tun yana saurayi mutum biyu, suka tsaya nesa, suka tafi kafin a gama. Daga bayan tafki kuwa ban iya ƙirgawa ba. Masu gangarmu, waɗanda a da dole ce take kai su jana'izar mutanen gari, ranar ba wanda ya kira su, suka zo da kansu suka kaɗa tun daga ƙofarsa har maƙabarta.

Yanzu a bakin titin akwai shagon aski mai ƙofar gilashi da kujera mai juyawa. Masu shi ba 'yan garin ba ne, ba sa tambayar kowa ɗan wane ne. Abin da Mugilan ya nema ke nan, kuma ina murna da shi. Na shiga sau ɗaya. Minti takwas, ba wanda ya zage ni.

Askin ƙarshe da Irulandi ya yi mini a watan Janairu ne, wata biyu kafin rasuwarsa. Hannunsa ya riga ya fara rawa, ya daina taɓa aska, sai almakashi. Ya daɗe a ƙeyata. Da ya gama ya miƙo mini madubin nan, na juya kai na duba, na ga gashin hawa-hawa tun daga wuya har tsakiyar kai.

"Baba Irulandi, matakala ka yi mini."

Ya karɓi madubin, ya ja baya, ya ƙare wa aikinsa kallo.

"Wajen ubanka na koya," ya ce. "Tashi, motarka ta zo."

Haka na koma Madurai da kaina. Sornam ta ce in je a gyara mini kafin mutane su gani. Ban je ba, na bar shi har ya toho.